Kamuna Ya Ragu da Yatsa Ɗaya

Abu uku na saka a cikin maganar nan, kuma a lokacin ban san na saka su ba: hannuna na dama, gidan da nake kwana a cikinsa, da mutumin da yake tuƙa mana tuwo. Ni ɗan kasuwa ne, ba na fara ciniki sai na san abin da na ɗora a kan tebur. Wannan ne kaɗai cinikin da na shiga ido rufe, shi ya sa har yau, duk sanda sanyi ya shiga ƙashina, sai ya dawo mini sabo.

Abin da ya tayar da shi a bana, council, wato hukumar gari, ce ta rufe ɗan ɗakin da mu tsofaffi muke taruwa a Lozells, unguwarmu a Birmingham, muna shan shayi. Sun liƙa takarda a ƙofa, wai zamani ne na tsuke bakin aljihu. Yara suna ta maganar kamar yau aka fara ta a ƙasar nan, ni kuwa a cikin irinta na sauka daga jirgin ruwa. Jikata Hauwa, wadda take karatun lauya a uni a Manchester, tana zaune a wani flat a Withington, ita ta zo ta taya ni kwaso butata da kujerata. A mota ta ce, "Kaka, an ba mu essay a kan majalisun zamanin Turawa, wai ina ikonsu ya tsaya idan suna son su binciki minista. Daddy ya ce kai ka ƙi janye shaidarka har aka karya maka hannu. Is it true?"

Na ce, "Amarya, ai ba a haifi babanki ba a lokacin."

"To kai da aka haifa, gaya mini."

"Dubi titi tukuna. Ba na son karaya ta biyu."

Ban gaya mata ba ranar. Ga shi yanzu yadda ya faru, ba yadda 'ya'yana suke ba da shi ba.

Manchester da na tarar ba ita ce wannan mai gilasai ba. Gari ne baƙi, hayaƙin kwal ya rine bango, ya rine wuyan riga, ya rine har majina. An gama yaƙin duniya amma yunwarsa ba ta gama ba. Kowa da littafin rashan, nama da sukari da man shanu sai an yanke maka 'yar takarda. Jiniyar masaƙa ce take tashin mutane da safe, sai ka ji takalman katako na mata ƙwas-ƙwas a kan duwatsun titi, da kofaton dokin mai kwal. A tsakanin gidaje akwai kangayen da bam ya bari, kuma a cikinsu samarin unguwa suke jiran irinmu. Suna ɗinke reza a bakin hula, suna naɗe sarƙar keke a hannu. Na ga an tsaga wa wani Bayarabe kunci tun daga baki har kunne, da rana tsaka, a layin bas. Mutane suka matsa gefe don kada jini ya taɓa musu takalma, bas ta zo, suka shige. Yanzu jikokina idan aka yi musu kallon banza sai su kai ƙara a rubuce, kuma ban ga laifinsu ba. Mu ƙugiyar ɗaukar dila muke sakawa a aljihun kwat.

A gidan Baba Sajan muke zaune, mu shida. Tsohon soja ne da ya yi yaƙi a dajin ƙasar Bama, ya ƙi komawa gida, ya kama hayar wani dogon gida yana ba 'yan Arewa ɗakuna. Aikin kowa a rabe yake. Ni ke hauro da kwal daga ɗakin ƙasa in kwashe toka, shi kuma yana tuƙa tuwon semolina da miyar kan rago, don kai da ƙafa ba sa cikin rashan. Kullum yakan ce mana, "Ku bi tsakiyar titi, kada ku bi jikin bango. Wanda ya tare ku, ku fara dukansa, bayani daga baya." Ran da aka jefo bulo ta tagar falo, ya fita da ƙarfen tonon wuta, ya dawo yana goge shi da jarida, ya ci gaba da tuƙinsa. Abokin ɗakina kuwa Bulus ne, ɗan wani fasto daga kudancin Zariya, yana karatun lauya da safe, da yamma yana wankin bas.

Abin da ya kai ni Manchester hannuna ne. A kasuwar Kwari ta Kano, kafin sandar awo ta yawaita, da kamu ake auna yadi, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Kowa da tsawon nasa, shi ya sa ba a rasa rigima. Nawa kuwa Allah ya yi shi daidai: kamu biyu, yadi ɗaya cif, ko zare ba ya raguwa. Maigidana ya sha ɗora sandar tagulla a hannuna a gaban masu saye don su gani. Shi ya turo ni in ga yadda ake shirya kaya a inda ake saƙa su, na sami aiki a wani sito inda ake ninke yadi a ɗaure shi dila-dila a tura bakin teku. Inji ne yake ninkewa, kowane ninki yadi ɗaya, mata suna ƙirgawa, mu maza muna matsewa muna ɗaurewa. Mai saye a gida ba ya warware bandir. Ninki kawai yake ƙirgawa, idan ya cika arba'in shi ke nan.

Wata rana aka kawo odar akoko mai yawa, na zanen gadon asibiti da likkafanin wanda ya mutu ba dangi, gwamnatin gida ce ta saya. Na ɗora hannuna a kan ninki ɗaya, ba don komai ba, sabo ne. Kamu ɗaya, kamu biyu, sai yatsuna suka wuce bakin yadin. Na sake a wani bandir. Na sake a dila ta gaba. Kowane ninki ya gaza da faɗin yatsa biyu. An matse injin ne: ninki arba'in yana nan, yadi arba'in babu. Takardar odar kuwa sunan surukin wani minista ne a kanta, ɗaya daga cikin ministocin farko da Turawa suka naɗa daga cikinmu.

Na rubuta wa maigidana, don kada ya sayi irinsa idan ya faɗo kasuwa. Shi kuma ya nuna wa wani ɗan majalisa da suke salla a masallaci ɗaya. Ɗan majalisar ya tayar da maganar a zaure, aka kafa kwamitin bincike. Bayan 'yan makonni sai ga wasiƙa da tambarin majalisa da sunana a kai, akawun kwamiti yana neman in rubuta abin da na auna, in sa hannu.

A garinmu, idan alƙali ya aiko maka da sammaci, daga ranar ka shiga inuwarsa. Ko wanda kuke shari'a da shi ya haɗu da kai a daji ba ya taɓa ka, don ya san wanda ya taɓa. Da wannan na tashi. To balle majalisa, wadda ta fi alƙali? Na ninke wasiƙar na sa a aljihun ƙirji kamar laya.

Bulus ya karɓa ya karanta sau biyu, ya ce, "Wannan ba sammaci ba ne. Roƙo ne."

"Da tambari?"

"Ko kantin burodi yana da tambari. Saurara, Ɗan Kamu. Majalisar nan ta London ita ta haifi kanta. Idan ta kira ka ka ƙi za ta iya kulle ka, idan ka yi shaida a gabanta za ta iya kare ka. Tamu kuwa da takarda aka yi ta, a nan aka rubuta takardar aka aika can. Abin da ba a rubuta a ciki ba, ba ta da shi. An rubuta ta yi doka, ta yi wa minista tambaya. Ban ga inda aka rubuta ta jawo shi ta zaunar da shi ta rantsar da shi ba. Gwamna ne ya naɗa shi, a gaban Gwamna yake amsawa. Kai kuma kana bayan teku, inda ko tambayar ma ba ta isowa."

"Wato 'yan majalisa ba su san aikinsu ba, sai kai mai wankin bas."

"Sun sani. Gwada igiyar da aka ɗaure su da ita suke yi. Idan ta tsinke sun ci riba, idan ta riƙe su koma kujerunsu. Kai ne ba ka da kujera."

Na ce masa tsoro ne irin na 'yan mishan, waɗanda ba sa iya ganin Bature ba su tuɓe hula ba. Ya kwaɗa mini mari, na kai masa naushi a baki, muka kifar da teburin abinci, haƙorinsa ya tsaga mini bayan hannu. Baba Sajan ya shigo ya cafke wuyanmu, ya gwara kawunanmu sau ɗaya, na ga wuta. Ya ce, "A waje ana neman kawunanku, ku kuna fasa su a gida kyauta. Ku kwashe tuwon nan daga ƙasa, ku za ku cinye shi." Muka cinye. Washegari na rubuta shaidata na sa hannu na kai gidan waya. Bulus, da kumburarren leɓe, shi ya gyara mini Turancin.

Surukin ministan yana da wakili a tashar jirgin ruwa ta Liverpool, wani Garba Dogo. Ya zo mana ran wata Lahadi da rana, cikin kwat mai tsada, da ƙunshin goro, abin da muka yi wata da watanni ba mu gani ba. Ya gaida Baba har ƙasa, ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya juyo gare ni.

"Ƙanena, an ce kai ne mai hannun zinariya."

"Hannu ne dai, Yaya Garba."

"Wa ya auna shi?"

"Maigidana, da sandar tagulla."

"A Kano, cikin zafi. Nan ƙasar sanyi ce, yadi ma yakan takure." Ya zaro takarda ya ajiye. "An riga an rubuta maka. Da ido ka yi awo, ka yi kuskure. Sa hannu kawai."

Na zaro wasiƙar majalisa na ɗora a kan tasa. Ya karanta, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Adana ta da kyau. Tana da kauri, za ta yi kunna murhu." Ya tafi ya bar goron. Baba Sajan ya zuba shi a wuta muna kallo.

Ba a daɗe ba Bulus ya shigo da jaridar gida, wadda ta yi makonni a jirgi. Lauyoyin Gwamna sun ba da fatawa cewa majalisa ba ta da ikon tilasta wa minista ya bayyana, ko ya kawo takardu, ko ta rantsar da kowa. Minista ya miƙe a zaure ya ce bai zo da amsa ba, ya zauna. Kwamiti ya watse. Amma kafin ya watse an karanta shaidata da sunana, jarida ta buga, kuma surukin ba zai sami oda ta gaba ba sai na janye. Bulus bai tuna mini da gargaɗinsa ba. Ya ce, "Tafi Birmingham. Maƙeru suna neman ma'aikata, akwai mutanenmu a Ladywood." Na ce sai ƙarshen mako, in yi sallama a wajen aiki.

Ran Alhamis suka zo, lokacin cin abincin rana. Mata sun fita, ba kowa a sito sai ni, ina zaune a kan dila ina cin burodi. Garba ya tsaya a bakin ƙofar waje da takardarsa don kada a ce an gan shi a ciki, ya turo Turawa biyu 'yan dakon jirgi, wani gajere mai jan gashi, da wani mai karyayyen hanci riƙe da sandar ƙarfen da muke matse dila da ita. Na kai hannu aljihu neman ƙugiya, ashe kwat yana rataye a bango. Gajeren ya haure ni a ciki, burodin ya dawo bakina. Suka buga fuskata da siminti, na ji haƙori yana yawo a kan harshena. Suka ja ni da ƙafa zuwa teburin awo, gajeren ya hau bayana, ya miƙar da hannuna na dama a kan katako, ya danne wuyan hannun da gwiwarsa. Dukan farko a kan tebur ya sauka, gab da yatsuna, katakon ya tsage. Gargaɗi ne.

A nan ne labarin 'ya'yana da nawa suka rabu. Na auna abin a zuciyata kafin mai karyayyen hancin ya sake ɗaga sandar: a gefe ɗaya takardar da babu majalisa a bayanta, a ɗaya gefen hannun da nake ci da shi. Wannan ba ciniki ne mai wuya ba. Na ce zan sa hannu. Na faɗa da ƙarfi, har sau uku. Sai dai Turancin da na tara shekara biyu ya gudu daga kaina ƙaf, da Hausa na faɗa. "Zan sa. Wallahi zan sa. Ku kira shi." Gajeren ya ce wa ɗayan wani abu, suka yi dariya. Ina jin sun ɗauka zagi ne, ko addu'a. Mutum ɗaya da zai gane abin da nake faɗa yana can bakin ƙofa yana kallon titi.

Sandar ta sauka a tsakiyar kamun. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Ta sake sauka, farin ƙashi ya huda fata ya leƙo. Sai ga Garba da gudu, ya ga hannun, ya hau zaginsu da Turanci da Hausa don sun karya hannun da zan riƙe alƙalami da shi. Ya cusa mini alƙalami a yatsu, ya faɗi. Ya sake cusawa, ya sake faɗuwa. Ya kama babban yatsana na hagu yana neman tawada, sai jiniya ta busa, takalman katako suka cika tsakar gidan. Wata tsohuwa cikin masu ƙirga ninki ta ɗauki almakashin yankan yadi ta yi kansu, sauran matan suka bi ta da ihu. Suka fice ta ƙofar baya. Ita ta yage akoko ta ɗaure mini hannu, jini ya ratsa ninki huɗu.

Shugaban sito ya rubuta cewa dila ce ta faɗo mini. 'Yan sanda suka ce rigimar baƙaƙen fata ce tsakaninsu. A asibiti aka haɗa ƙasusuwan cikin gaggawa, aka sa filasta. Baba Sajan ya zo ya tsaya a kaina, ya tambaye ni abu ɗaya: "Ka sa?"

Na ce, "Ban sa ba."

Ya ce, "Ɗana ne kai."

Gaskiya na gaya masa, amma ba dukkanta ba. Kwana biyu bayan nan ya naɗe ƙarfen tonon wuta a jarida ya hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool. Ya sami Garba da rana a wajen mai shayi, ya karya masa muƙamuƙi da gwiwa ɗaya a gaban jama'a, sannan ya zauna ya shanye shayin Garba yana jiran 'yan sanda. Kotun da ta yanke masa hukunci, ba wanda ya yi gardamar ikonta. Mai gidan hayar ya karɓe gidansa, mu shida muka watse. Baba ya fito daga kurkuku da tari, bai ga sanyi biyu ba.

Na tafi Ladywood, amma ba maƙerin da zai ɗauki mai hannu ɗaya. Birmingham garin tagulla ne, sai na sayi sandar awo, na cika akwati da guntayen yadi, ina bin gida-gida ina yanka da hagu. Daga akwati sai tebur a kasuwa, daga tebur sai shago, daga shago sai uku. Bulus ya baza labarina duk inda ɗan Najeriya yake, wai ga wanda aka karya bai janye ba. Mata daga garuruwa suna zuwa sayen atamfa a wajena, suna cewa mutumin da ya ba da ƙashinsa saboda yatsa biyu ba zai cuce su a awo ba. Ban cuce su ba kuwa, ko sau ɗaya. Amma ban taɓa gyara labarin ba. Shekaru bayan nan Bulus, ya zama alƙali a gida, ya rubuto mini cewa an yi dokar da ta ba majalisa ikon kiran kowa da kare mai shaida. Ya ce irinmu ne suka buɗe hanya. Na amsa masa da gaisuwa da turmin atamfa ga matarsa, har ya mutu bai ji sauran ba.

To, Amarya, ga amsar tambayarki. Majalisar nan ta iya tambaya, ba ta iya tilastawa ba, kuma abin da ba ta iya tilasta wa minista ba, ba ta iya kare talaka a kansa ba. Ki rubuta haka, littattafanki za su ba ki sauran.

Ni kuwa ga inda nawa ya tsaya. Na samu shaguna uku, da gidan da aka haifi babanki, da sunan da ba nawa ba ne. Na rasa haƙori ɗaya, da gidan da na fi jin daɗinsa a ƙasar nan, da dattijon da ya shiga kurkuku saboda jarumtar da ban yi ba. Ministan ya mutu da girmansa. Sai hannun. Ran da na sayi sandar tagullar nan, ina fita daga shagon na tsaya a bakin titi na ɗora ta a kansa. Ƙashin ya haɗe a gajarce, kamuna ya ragu da faɗin yatsa ɗaya. Kamu biyu, yatsa biyu ke nan. Da za a kawo mini akokon nan yau in auna shi da hannuna, daidai zai fito.